Anti Sannu da Mai Fasa Dutse

Ƙarfe bakwai na safe za ka same ta tana jan kujerun roba zuwa jikin bango, a barandar da ke bayan sashen masu ciwon huhu. Ta duba tukwanen iskar oksijin, ta cire takalmi, ta tsaya jiran mutanenta. Shekara ashirin da biyu ke nan Anti Sannu, ma'aikaciyar jinya, tana wannan hidima, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Abin da take koyarwa sunansa taichi, motsa jiki ne na Sinawa: a ɗaga hannu a hankali, a sauke a hankali, numfashi na biye. Ba ta taɓa ce wa kowa huhunsa zai koma sabo ba. Cewa take, "Ka ci gaba da shan maganinka. Ni ragowar numfashin zan koya maka tattalinsa."

Dokarta ɗaya ce, kuma har yau abin yana ba abokan aikinta mamaki. Wanda ya fi kowa ƙarancin numfashi shi ke tsayawa a gaba, kowa ya bi saurinsa, har ita.

Haka ta yi wa Guduma. Ƙato ne, shekara talatin yana fasa dutse, har ƙura ta cinye masa huhu. Tafiyar taku goma ta gagare shi, sai ƙaninsa ya tallabe shi zuwa banɗaki, ya tsaya a kansa. Wannan ya fi ciwon ci masa rai. Har rage shan ruwa ya yi don kada ya riƙa kiran ƙanin.

Ranar farko ya harare ta. "Anti, da girmana za ki sa ni rawa?"

Ta ce, "Wace rawa, Baba? Kai ne ma za ka ja mu. Zo gaba."

Ya ɗaga hannu sau biyu, tari ya sarƙe shi, ya dafa kujera. Ya ɗauka an ci gaba an bar shi. Da ya waiwaya, sai ya ga mutum goma sha biyu tsaye cak, hannuwa a sama, har da wata tsohuwa mai robar iska a hanci.

Tsohuwar ta ce, "Huta abinka, shugaba. Mu ma mun samu dalili."

Aka yi dariya, dariyar ta koma tari. Shi bai yi ba, idonsa ne ya ciko. Washegari ya riga kowa zuwa.

Wata biyar yana gaba, sannan aka kawo wanda ya fi shi jigata. Anti Sannu ta ce, "Baba, koma baya, an ƙwace maka mulki." Ba a taɓa ganin wanda aka sauke yana murna haka ba.

Anti Sannu, ke ce mai haƙurin da ba ya duba agogo. Ke kika tsaya da hannu a sama shekara da shekaru, kina jiran numfashin wasu. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Masu aikin jinya da ke tasowa, ku je barandar nan ku kalla kafin wata ya ƙare.

Matar Guduma kuma ta ce a isar miki da saƙo. Shekaranjiya ƙaninsa ya miƙe zai tallabe shi, Guduma ya ce masa, "Zauna." Ya tafi da ƙafarsa, ya huta sau ɗaya a jikin bango, ya shiga banɗaki. Ta ce tana daga ɗaki ta ji ya sa sakata.