Ai Gida Za Ka

Akwai wata safiyar Litinin da ba zan taɓa mantawa da ita ba, har gobe in na tuna sai gabana ya faɗi. Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, ina aiki a wani babban kamfanin haɗa manhajar kwamfuta a Ikeja. Kullum daga Agege nake shiga motar hayar da ake kira danfo, kuma ni kaɗai ne Bahaushe a sashenmu.

An tara mu ne don tsara inda kamfani zai dosa nan da shekara biyar. Shugabanmu, wani dogo mai saurin magana, ya ce daga yau manufa ɗaya ce: kowane banki a ƙasar nan ya koma aiki da manhajarmu. Ƙananan ayyukan da sashenmu ke yi wa kantuna kuwa, an daina. Sai ya rubuta Kano a allo, ya juyo ya nuna ni.

"Kai za ka buɗe mana reshen Arewa. Ai gida za ka!"

Aka ɗauki tafi, ni kuwa na shiga tambayar kaina. Wane gida? A Agege aka binne cibiyata. Kano biki kawai ya taɓa kai ni, Hausata ma rabi Yarbanci ce. Ga matata da tsohon ciki. In kuma na ƙi, sashen da zan koma an rushe shi.

Makon nan na kasa zaune na kasa tsaye. In sa abinci gaba in tashi in bar shi. Ran nan har danfo ya wuce da ni unguwarmu ban sani ba, sai da kwandasta ya daka mini tsawa.

Da abin ya ishe ni na je rumfar mahaifina, yana tsintar goro. Na kwashe komai na gaya masa.

"Baba, in tafi ko in zauna?"

Bai ɗago ba. "Shi ogan naka ya san inda zai kai kamfaninsa?"

"Ya sani, har ya rubuta."

"To kai fa, ina za ka kai?"

Na ce ban taɓa tunanin wannan ba. Ya ce, "In ba ka sani ba, ko ka tafi ko ka zauna, duk tafiyar wani kake yi."

A lokacin haushi na ji, don hukunci na je nema ya haɗa ni da tambaya. Amma ita ta zaunar da ni da matata muka yi magana ta gaskiya. A nan na gane abin da ke raina: na gaji da zama Bahaushe ɗaya tilo a wannan sana'a.

Na koma wajen oga na ce zan je, amma a sa cikin tsarin cewa matasan can zan ɗauka in koya musu aikin.

Ya ɗaure fuska. "Wannan zai ja mana jinkiri."

"Zai ja, oga. Amma reshen zai tsaya da ƙafarsa."

Daga ƙarshe dai ya amince.

Bayan matata ta sauka lafiya muka tafi. Kanawa sun sha dariyar Hausata. Bankuna da yawa ba su zo ba, tsarin kamfanin ma an sake shi tun shekarun ba su cika ba. Amma yaran da na koyar, yau su ke koyar da wasu.

Abin da na koya ke nan: kafin a sa ka cikin tsarin wani, ka san naka. Nasu yakan canza, naka ne zai riƙe ka.