Takardar da Na Ƙi Karantawa

Edita, ina roƙon a ɓoye sunana. Lokacin da abin nan ya faru ni ne mai kula da wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye na ƙasar Maiyama. Na daɗe a aiki, kowa Likita yake ce mini ko da yake ni ba likita ba ne, kuma kaina ya yi girman da ba ya ɗaukar gyara. Wannan girman kai ne ya ci ran jaririn ƙanwata.

Wata shekara aka turo mana ungozoma 'yar Jega, yarinya ce da na kusa haifarta. Zuwanta ya sa matan ƙauyen suka fara zuwa awo, don mazansu ba su yarda namiji ya duba musu mata ba. Ni nake rubuta rahoton wata da Turanci. Rannan na ba ta ta kai mini a buga a Aliero, tunda za ta can ganin 'yan uwa. Sai ta dawo da rahoton tsaf, tare da rubutuna na hannu duk ta bi shi da fensir. Yawancin gyaran na karan ɗori ne, ɗan gajeren layin nan da ake sawa tsakanin kalmomin da suka haɗu, wanda Turancin asibiti ya cika da shi. Ta ce in yi haƙuri, ta ga na raba abin da ake haɗawa, na haɗa abin da ake rabawa. Na ce na gode, amma a baki kawai.

A taron wata, shugabanmu ya ɗaga rahoton sama ya ce yau dai ya karanta rubutuna bai nemi maganin ciwon kai ba, wane ne sabon malamin nawa? Aka kwashe da dariya. Tun daga ranar na tsane ta, ko gaisuwarta ba na amsawa. In motar Jega ta makara da ita a damina sai in rubuta cewa ta yi latti. Abokan zamana, Allah ya isa tsakanina da su, suka riƙa zuga ni wai kujerata take nema. Na rubuta takardar ƙorafi a kanta, kuma abin kunya, sai da na duba ta sau uku don kada a ga kuskure. Aka ɗauke ta.

Ranar da za ta tafi ta miƙo mini wata takarda a ninke, ta ce don Allah in karanta yau ɗin nan. Na hango rubutun fensir ta baya, sai na ce mata na gaji da makarantarta, ta je ta koya wa wasu. Na jefa takardar a durowa.

Ba a turo wata mace ba, mata suka daina zuwa. Cikinsu har da ƙanwata da ke aure a ƙauyen, tana da ciki wata bakwai, kunya ba ta barinta ta zo gaban yayanta. Wata safiya aka kawo ta tana jijjiga, jininta ya hau. Muka garzaya da ita Jega. Ita ta rayu da ƙyar, yaron bai zo da rai ba.

Bayan kwana uku ina neman katinta na ci karo da takardar nan. Babu gyara ko ɗaya a ciki. Sunayen mata biyar ne masu hawan jini da ungozomar ta ce a riƙa aunawa duk mako, da Hausa ma ta rubuta. Sunan ƙanwata ne na farko, ta ja masa layi biyu.

Har yau ƙanwata na yi mini godiya wai na ceci ranta, ni kuwa na kasa faɗa mata gaskiya. Haushin kaina nake ji fiye da na kowa. Duk wanda rayukan mutane ke hannunsa ya ji tsoron Allah: in ƙarami ya gyara maka rubutu, rubutun ya gyara, ba mutuncinka ya taɓa ba. Karan ɗori dai na iya shi yanzu, cikin mako guda na koya. Ƙanwata kuwa likitoci sun ce da wuya ta sake haihuwa.