Takardar Yaya Ramatu da Na Gani Na Yi Shiru

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Ramatu. Duk shekara idan wannan wata ya kama sai in zauna in jera mata kalmomin yabo, in karanta, in yage. Yabon gaskiya ne. Abin da nake tsallakewa ne yake ɓata shi, kuma bana na gaji da tsallakewa.

Ba jini ya haɗa mu ba. Ita ce majo, wato shugabar masu jinya, a wani ƙaramin asibiti wajen Saga, lokacin da aka tura ni can ina sabuwar fita makaranta, ina ji da kaina. Bazabarma ce haihuwar Yamai, Hausarta ta kasuwa ce, mai daɗin faɗa. Burinta ɗaya a duniya: ta ƙaro karatu ta zama malamar masu jinya. Kowa a asibitin ya san wannan, har mai shara.

Sai ga sanarwar burs, tallafin karatun mastar a waje, ga masu son koyarwa. Gurabe kaɗan ne, kuma an sa iyakar shekarun haihuwa. A gare ta wannan ce shekarar ƙarshe. Ni ina da sauran shekaru goma a gaba, amma ni ma na haɗa dosiyena, wato takardun neman gurbin.

Ranar rufe karɓar takardu ta faɗo tsakiyar damina, zazzaɓin sauro ya cika mana ɗakuna, yara har kan tabarma a baranda. Ta miƙo mini ambulan ɗinta da hannun hagu, na dama yana riƙe da ledar ƙarin ruwa.

"Zali, tunda za ki ofishin burs a unguwar Plateau, haɗa da nawa. Walla in na ɗaga ƙafa daga nan yau, sai an yi gawa."

A cikin taksi na buɗe. Na ce wa kaina jerin takardun zan duba mata. Fotokopin diflomarta babu hatimin meri, wato ofishin magajin gari, a kai. Duk wanda ya taɓa yawon dosiye a garin nan ya san takardar da ba a buga wa wannan hatimi ba ko karanta ta ba a yi. Ƙarfe goma na safe ne. Meri a buɗe take, mijinta yana da babur, wayata tana hannuna. Kira ɗaya ya isa. Na kuma san in aka ajiye dosiyenta kusa da nawa, nawa ba ya kai labari. Na maida wayar cikin jaka, na kai duka biyun, na karɓo mata rasit.

Da sunana ya fito, ita ta fara rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti. Game da nata, da aka yi watsi da shi saboda rashin hatimin, cewa kawai ta yi, "Sakacina ne, kai ya yi zafi." Har kilishi ta ɗaure mini na guzuri, na kuwa karɓa na ci.

Yau ina koyarwa a wata makaranta wajen Lamordé, ana ce mini Madam. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga ƴan matan yanzu suna tura takardu ta waya, suna kwance kan gado. Na san dariya za ta yi, ta ce to saura su koyi juya marar lafiya ta wayar. Idan aka sa ni cikin masu duba dosiye na ga takarda ba ta cika ba, da kaina nake kiran mai ita. Abokan aiki suna cewa Madam Zali akwai tausayi. Ina jin su ina murmushi, ban taɓa gyara musu ba.

Abin da ya rage nata yana hannun ɗalibaina. Yadda ake neman jijiyar yaron da zawo ya tsotse, a kau da ido a bi da yatsa, nata ne. Yadda ake durƙusawa a yi wa uwa bayani maimakon a tsaya mata a ka, nata ne. Ita ya kamata ta tsaya gaban allon nan, ni ina maimaita darasinta ne kurum.

Na samu damar faɗa mata. Da ciwon ajali ya kwantar da ita na je dubiya, na tarar ita kaɗai, ta rame har zoben hannunta yana juyawa. Na riƙe hannun. Sai na yi abin da kowa yake yi a bakin irin wannan gado, na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta dube ni da mamaki. "Haba Zali, me kika taɓa yi mini? Na yafe miki duniya da lahira. Ni ma ki yafe mini faɗan da na sha yi miki."

Na ce na yafe. Na tashi na fito da gafarar laifin da ba ta san an yi mata ba.