Baba Saiti da Kunnen Aro

Ranar Litinin da Alhamis, kafin mai shara ta gama goge kujerun layin gaba, Baba Saiti ya riga ya jingine kekensa a bayan ɗakin taro. Yakan shigo ta ƙaramar ƙofa da tsohuwar jakar fata a hammata, ya gaida mai shara, ya tambaye ta gwiwarta da ke ciwo, sannan ya hau dandamali ya tsaya gaban fiyano kamar mai gaida babba. Ba ya buɗe shi nan take. Sai ya ɗora tafin hannu a kan murfin ya ji ko da sanyi ya kwana ko da zafi, domin a cewarsa katako ma yana da safiyar da yake tashi da fushi.

Wanda bai taɓa leƙa cikin fiyano ba zai ɗauka akwati ne kawai mai haƙora farare da baƙaƙe. A ciki akwai wayoyi fiye da ɗari biyu a miƙe, kowace a ɗaure da ƙusarta, da 'yan guduma masu kan ulu da ke bugunsu. Abin mamakin shi ne yawancin muryoyin ba waya ɗaya ke ba da su ba, uku ne, kuma dole su ukun su faɗi magana ɗaya. In ɗaya ta saki, ko da kaurin gashin gira ne, sai sautin ya riƙa rawa yana karkarwa kamar muryar mai jin sanyi. Aikin Baba Saiti shi ne sulhunta su. Kayan aikinsa ba su cika tafi biyu ba: sifana mai dogon mariƙi, 'yan guntayen roba da yake cusawa tsakanin wayoyi don ya rufe bakin biyu ya saurari ɗaya, da wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu da yake bugawa a gwiwa ya kara a kunne, ya ba shi muryar da zai fara awo da ita. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan aiki, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, sana'ar ta zama suna.

Mu da muke zuwa sauraro, makaɗa muke tafa wa. A hanyar komawa gida mukan yi ta gardama, wannan ya ce mai farin gemun nan hannunsa ya fi laushi, wancan ya ce ai matar nan ta bara ita ce ta sa shi hawaye, wani ya ce saurayin can gudu kawai yake kamar an biyo shi. Ba na tuna ranar da wani ya ambaci mutumin da ke zama a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, da jaka a kan cinya.

Amma akwai waɗanda suka gani. Mai shara ta ce da idonta ta ga shekarar da ɓera ya shiga ya cinye ulun guduma bakwai, ana saura kwana biyu a yi wasa. Baba Saiti ya cire malfar ulu da ke kansa, wadda ya fi shekara goma yana ji da ita, ya sa almakashi ya yayyanka, ya liƙa wa gudumomin, ya koma gida da rana a ƙeya. Manajan ɗakin kuwa ya ba da labarin ranar da waya ta tsinke ana tsakiyar kiɗa, ta yi ƙara kamar bulala. Da aka tafi hutun rabin lokaci Baba Saiti ya hau, ya zare ta, ya ɗaura sabuwa, bakin wayar ya huda masa yatsa. Ya naɗe yatsan da hankici ya ƙarasa aikin da sauran huɗun, ba don zafi ba, don kada jini ya ɗiga a kan fararen haƙoran fiyanon, makaɗi ya gani hankalinsa ya rabu. Har ƙadangare ya taɓa samu ya tare a ciki. Bai kashe shi ba, ya ɗauke shi a hankali ya kai shi bayan katanga, yana ce masa ya ji kiɗa kyauta ya isa haka.

Kai ne mai share hanya, Baba, ango ya wuce a yi masa guɗa, kai kana gefe da tsintsiya.

A shekarar da ta wuce ne abin ya fara. Wata safiya matarsa, wadda unguwa ke kira Inna, ta fito daga wanka ta tarar buta tana ta fito a kan wuta, shi kuwa yana zaune kusa da ita yana gyaran takalmi. Ta tambaye shi ko so yake butar ta kira sunansa. Ya yi dariya ya ce tunani ya ɗauke shi. Bayan haka ya lura tsuntsayen bishiyar ƙofar gida sun daina kuka, sai dai ya ga bakinsu yana motsi. Ya je asibiti shi kaɗai. Likita ya ce masa shekaru ne, siraran sautuka su ke fara yin sallama, kuma ba sa dawowa.

Muryoyin ƙasa da na tsakiya yana jin su ras. Amma haƙora goma sha biyar na ƙarshen hannun dama, masu siririyar murya kamar ɗigar ruwa a kwano, in ya buga sai ya ji ƙwas na katako kawai. Ya yi wata biyar yana ɓoyewa, yana saita su da ƙiyasi da tunin hannu. Sai ranar da malamar kiɗa, wadda ke koyar da ɗalibai a ɗakin, ta ce masa cikin ladabi kamar muryoyin saman nan sun ɗan yi tsami, ko damina ce. Ya ce mata damina ce. Ya hau kekensa, kunya na cinsa har gida, domin bai taɓa ɗora wa ruwan sama laifinsa ba.

Cikin makon nan Manaja ya zo da albishir. Wata makaɗiya da ake ji da ita, wadda aka yi shekara shida ana roƙo, ta yarda za ta zo nan da kwana goma sha biyu. Sharaɗinta ɗaya ne: za ta gwada fiyanon da safe, in bai yi mata ba, ba za ta zauna a gabansa da yamma ba.

Washegari Baba Saiti ya shiga ofishin Manaja, ya ƙi zama, ya faɗa masa komai, har da ƙaryar da ya yi wa damina. Manaja ya dafe kai. Babu wani mai saitin fiyano a garin, wanda ya sani a nesa kuma ba zai samu zuwa ba sai bayan wata guda. Suka gwada na'urar awon sauti da ke cikin wayar Manaja. A tsakiya ta yi aiki, amma a can sama sautin tsohon fiyanon yakan mutu da wuri, allurar ta yi ta tsalle kamar fara a kasko. Manaja ya ce ko a rufa kawai, wataƙila baƙuwar ba za ta lura ba. Baba Saiti ya ce wadda ta yi shekara talatin tana cin abinci da kunnenta ba a yi mata wannan wasa.

A gida akwai wani gurgun fiyano a ɗakin tsakiya, wanda wata makaranta ta yar ya ɗauko tun yana saurayi, a kansa yake gwaji. Ran nan da la'asar ya zauna yana ta bugun haƙori ɗaya na sama, ba don yana ji ba, don dai zuciya ta ƙi haƙura. Inna tana bakin ƙofa tana ɗinke maɓallin riga. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Malam, ka raba waɗannan mana. Tun ɗazu ba sa ga-maciji da juna."

Ya juyo ya dube ta. Ya tambaye ta me ta ji. Ta ce me kuwa za ta ji, abin da ta yi shekara arba'in tana ji ta bango ne, tana wanki tana ji, tana goyo tana ji: in sun yi faɗa sautin yakan yi ta kaɗawa, in ya sulhunta su sai ya miƙe ya kwanta. Ya sa sifana ya murɗa kaɗan. Ta ce sun rage. Ya ƙara. Ta ce ya wuce gona da iri, yanzu ɗayar ce ke tsokana. Ya dawo da ita baya. Ta ce, to, sun sha hannu. Ya sauko tsakiya inda yake ji, ya ɓata wata murya da gangan, ya gyara wata, bai gaya mata ba. Duk ta kama shi, har ta tambaye shi ko jarrabawa ce ake yi mata da tsufanta.

Inna ba ta taɓa shiga ɗakin taron ba. Ranar farko ta sa mayafinta na fita unguwa, aka ajiye mata kujera kusa da cikin fiyano, ta rufe ido. Yana bugawa tana faɗa. Bayan ta sulhunta wayoyi ukun, sai ya buga muryar tare da uwarta ta ƙasa, wato irinta mai kauri, wadda shi yake ji, ita kuma ta gaya masa ko 'yar ta kwanta a jikin uwar ko tana zillewa. Aiki ya yi ta tafiya har Manaja ya shigo ya tsaya a kansu da hannu a baya. Daga nan komai Baba Saiti ya buga sai Inna ta ce ya yi. Cikin rabin awa suka gama haƙora shida, Manaja ya fita yana murna.

Suka kama hanya, yana tura keke Inna tana gefensa. Sai da suka kai ƙofar gida ta ce masa shidan nan na ƙarshe babu wanda ya yi. Ya tsaya da keke a hannu ya tambaye ta dalili. Ta ce ita ba a haife ta ta ce wa mijinta ya yi kuskure a gaban baƙo ba, balle a wurin aikinsa, balle sau shida.

Ya daɗe yana dariya, har ya jingina da katanga. Sannan ya ce, "'Yar tsohuwa, a gida ni ne mijinki. A can ni hannu ne kawai, ke ce kunne. Kin taɓa ganin kunne yana jin kunyar hannu?"

Ta ce ta ji, amma fa shi ya nema. Washegari, a gaban Manaja da mai shara da malamar kiɗa, ta ce masa ya wuce, ta ce masa ya koma, ta ce masa ko maƙwabta sun san wannan bai yi ba. Mai shara ta ce tunda take ba ta taɓa ganin mutum ana gyara masa yana washe baki haka ba. Safiya huɗu suka yi.

Ranar wasa baƙuwar ta iso da hantsi, 'yar siririya, ba ta da yawan magana. Ta zauna, ta bi haƙoran tun daga hagu har dama. Da ta kai sama ta rage gudu, ta buga ɗaya ɗaya, ta karkata kai. Baba Saiti yana tsaye yana kallon yatsunta, ba ya jin komai sai ƙwas na katako. Ta tambayi wanda ya yi saitin. Ya matso ya nuna mata da yatsa, ya ce daga nan zuwa ƙasa kunnensa ne, daga nan zuwa sama na matarsa ne, domin nasa ya yi ritaya kafin shi. Ta dubi Inna, ta dube shi. Ta ce ta buga fiyano a ɗakunan da suka fi wannan sau goma, ba ta taɓa samun wanda ya gaya mata iyakar jinsa ba. Sannan ta ce a ɗaga mata kujerar kaɗan, za ta yi atisaye.

Da yamma ɗakin ya cika har da na tsaye. Kiɗan da ta rufe da shi ya fara da ruri kamar hadari, ya yi ta hawa yana sirancewa, har hannunta na dama ya ƙare a kan haƙoran nan goma sha biyar, a hankali, kamar mai tafiya kada ta ta da jariri. Mutum ɗari biyu suka riƙe numfashi. Mai tari ya haɗiye tarinsa. A kujerar ƙarshe Inna ta sunkuya ta raɗa wa mijinta cewa duk suna zaman lafiya. Da aka fashe da tafi baƙuwar ta miƙe, kafin ta rusuna mana sai da ta dubi can baya kusa da ƙofa ta ɗora hannu a ƙirji. Da yawa suka waiga ba su gane wa take nufi ba.

A bakin ƙofa Manaja ya tambaye shi ko ya ji ƙarshen. Ya ce, "Ban ji ba, ɗana. Amma na ga mutum ɗari biyu suna ji, ya ishe ni."

Ƙarshen watan nan Baba Saiti zai ajiye aiki. Malamar kiɗa ce ta roƙi ya koya mata, kuma tuni ta fara, shi yana nuna mata riƙon sifana, Inna tana gefe tana gaya mata gaskiya ba sayawa.

Kai ne ka nuna mana, Baba, cewa gwani ba ya raguwa don ya ce nan ƙarfina ya tsaya. Da ka rufa, da wataƙila mun tafa ba mu sani ba, amma ka zaɓi ka ji kunya a ofis da ka ba mu abu mai tsami. Mun gode. Inna, ke ma mun gode, Allah ya bar ku tare, ya ƙara wa kunnenki lafiya. Sauran masu sana'a, tela da direba da mai allura, duk ranar da ido ko hannu ya fara gajiya, ku faɗa da bakinku, ku dubi na kusa da ku. Sau da yawa abin da ya kuɓuce muku yana nan a cikin gidanku, yana jira a tambaye shi.