Sai Baɗi da Kaset ɗin Babansa

A layin shagunansu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Sai Baɗi ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa.

Mai hoto ne. Ya fara tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu, da sana'ar ta koma kwamfuta ya bi ta, har ya fi 'yan zamani zaƙewa. Shagon bai fi taku biyar ba: shuɗin labule a bango, kujerar masu hoton fasfo, sai tebur a lungu inda kwamfutar da ya haɗa da hannunsa shekara tara da suka wuce take zaune, murfinta a buɗe, fanka na yi mata fifita kamar mai zazzaɓi. Gyaran tsofaffin hotuna ya fi so. Ka kai masa hoton kakarka wanda ruwa ya cinye rabi, zai ce ka dawo jibi, ba za ka samu ba sai bayan mako biyu, amma da ka gani za ka yafe masa. Mutumin bai iya sakin aiki da saura ba.

Maƙwabcinsa mai sayar da kayan kwamfuta shi ya laƙaba masa sunan. Duk shekara sai ya leƙo da ɗan kwali a hannu.

"Maigida, ga sabuwar furosesa ta iso, ƙwaƙwalwar kwamfuta ke nan ta gaske. Mu haɗa maka sabuwa, ka bar wannan tsohuwa ta huta."

Shi kuwa sai ya juya kwalin, ya karanta bayansa tsaf, ya miƙa masa abinsa. "An ce wadda ke tafe ta fi ta sauri, kuma ba ta zafi. Bari dai sai baɗi."

Ba rowa ba ce, kowa ya shaida hannunsa a sake yake. Tsoro ne kawai, kada ya saya yau gobe a fito da wadda ta fi. Da a kan hotunan fasfo abin ya tsaya, da dariya za a yi a wuce. Sai kaset ya shigo cikin maganar.

Babansa mai gyaran agogo ne, ya rasu fiye da shekara ashirin. Wata rana yayarsa tana gyara wa Innarsu akwati ta ci karo da kaset ɗin bidiyo, wanda wani maƙwabci ya taɓa ɗaukar tsohon a bakin aikinsa, minti goma sha biyu. Sai Baɗi ya goge fumfunar da ta kama kaset ɗin, ya juye shi cikin kwamfuta, ya ajiye kwafi a wayarsa. Ya kalla sau ɗaya ransa ya ɓaci: hoton dishi-dishi, yana rawa, sautin kuma cike da shuuu.

"Auta, yaushe zan ga babanku?" Inna ta tambaye shi.

"Inna, bai dace ki gan shi a haka ba. Akwai manhajar da ke fito da fuska tar, amma da na kunna ta sai kwamfutata ta yi zafi ta mutu. Sabuwar furosesa na nan tafe."

"To, Allah ya kawo ta lafiya," in ji Inna, kamar wata baƙuwa ake jira.

Aka ce watan shida za ta fito, aka ɗaga zuwa ƙarshen shekara. Da ta fito, ya ce farkon fitowa ba a rasa matsala, a bari wasu su gwada. Kafin su gama gwadawa an fara zancen ta gaba. Inna ta tambaya sau uku, ta huɗu ba ta zo ba, shi kuma ya ɗauka haƙuri ne.

Wata safiya Yaya ta shigo shagon daga asibiti, ko zama ba ta yi ba.

"Likita ya ce hawan jinin idon ya gama da na hagu, na daman ma saura kaɗan. Jiya a gefen kofi ta tsiyaya shayi, tana ta ba teburin haƙuri. Kai kana nan kana jiran ƙarfe."

Ya shiga shagon maƙwabcinsa mai kayan kwamfuta ya ce, "Ba ni furosesar da ke kan kantar nan." Maƙwabcin ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, ya dubi fuskarsa, ya fasa. Kafin yamma sun haɗa kwamfutar. Kwana biyu aikin ya ci. Kwana biyu kacal, bayan shekara biyu, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Fuskar Baba ta fito har da tabon gira da gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya. Ya bi sautin ma ya share duk wata ƙara, ya bar shi tas.

Ya ɗauki kwamfutar da babban allonta ya kai ɗakin Inna, ya ja labule, ya kunna. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta karkata kai tana neman inda idon ke da saura.

"Ina ganin haske yana motsi," ta ce. Ta saurara, ta daɗe. "Auta, anya babanku ne? Babanku ba ya aiki shiru. Shekara talatin ina masa faɗa a kan fiton nan da yake yi ta tsakanin haƙora."

Ya tuna wani siririn sauti da ya yi ta bi yana gogewa, yana tsammanin lalacewar kaset ce. Ya zaro waya, ya nemo tsohon kwafin da bai taɓa gyarawa ba, ya kara mata a kunne. Cikin shuuu ɗin nan, can ƙasa, fiton ya taso, yana tsayawa duk lokacin da tsohon ya kama ƙaramar kusa.

Inna ta lumshe ido, leɓenta na bin sautin. "Ga shi nan," ta ce. Sai da ya kai ƙarshe ta juyo inda take jin numfashin ɗanta. "Wannan ma sai da sabuwar na'urar aka samo shi?"

Ya so ya ce e. Da ya ce, ba wanda zai ƙaryata shi.

"A'a, Inna. Shekara biyu yana aljihuna."

Ta lalubo hannunsa, ta mayar da wayar kunnenta.

"Sake kunna min," ta ce.