Darasin Malama a Bakin Famfo

Muna aji biyar a sakandaren 'yan mata a Dutse aka kawo mana sabuwar malamar Fizik. Doguwa ce, 'yar gidan makiyaya daga wajen Taura, ba ta ɗaga murya. Ranar da za ta koya mana yadda ƙarfi yake juya abu, sai ta ajiye alli ta ce mu biyo ta.

Ta kai mu famfon tuƙa-tuƙa da ke bayan kicin. Ta kira wata ƙosasshiya a cikinmu, ta ce ta kama hannun famfon kusa da ƙusar da yake juyawa a kanta. Yarinyar nan ta danna har da nishi, da ƙyar ruwa ya ɗigo. Ni ce ƙaramar ajin. Malama ta sa na kama ƙarshen ƙarfen, da hannu ɗaya ruwa ya ɓulɓulo. Aka kwashe da dariya.

Na ce, "Malama, ashe tsawon ƙarfen ne sirrin."

Ta ce, "Kada ki yi sauri."

Ta ɗaura igiya a ƙarshen hannun, ta ce in ja ƙasa sak. Ya sauko salin-alin. Ta ce in matsa baya in ja a karkace, sai na ji ya yi nauyi. Da na ƙara matsawa har igiyar ta kusa miƙewa daidai da ƙarfen, ko motsi bai yi ba.

Ta dube mu. "Ƙarfen ne ya gajarce?"

Muka ce a'a.

Ta tsaya cikin caɓin, ta jera dogon kara da igiyar har ya zarce saman famfon. Ta ɗora wani guntun kara daga ƙusar ya taɓa dogon, suka haɗa kusurwa irin ta bulo. Ta ce, "Wannan tazarar ake aunawa. Ƙarfin da kika ja da shi sau tazarar, shi ne ƙarfin juyin. Kina karkata, tana raguwa."

Ban taɓa ganin lissafi da idona ba sai ranar. Kowa sai da ta ja igiyar, har masu jin kunya, Malama tana riƙe da karan ba ta gaji ba. Aka buga ƙararrawa, babu wadda ta motsa. Masu dafa mana abinci suka zo da bokitai suka tsaya kallo, ta ce mu cika musu kafin mu koma.

Da laka a gefen zaninta ta shiga aji na gaba, ko a jikinta.