Garmata Na Hutun Lahadi

Rubuta mini wannan, Nazira jikata. Maƙwabcina Rabo ne ya fara ba ni labarinsa: Ishaya, Kirista mai walda a bakin tashar Agiye. Gajere ne, ga tumbi. Yana walda yana waƙar majami'a da murya irin ta bunsuru. In ya gama, sai ya dafa ƙarfen ya yi addu'a, mu ma mu ce amin.

Ina jin matarsa ke mulkin gidan. Jiya Asabar, yana tsakar gyaran garmata, ta leƙo: "Baban Rifkatu, ana jiranka wurin koyon waƙa." Nan take ya kashe wuta.

Na ce, "Hadari fa ya haɗo."

Ya ce, "Baba, Mai ruwan ne ya ce a huta ran Lahadi. Sai Litinin."

Ga shi ruwa ya sauka, garmata tana Agiye. Gobe a je a ɗauko ta, har da addu'arta.